Darasi Domin Iyaye: Yaranmu da Sabuwar Shekarar Makaranta

A yawancin jihohin Nijeriya a kan buɗe makarantu cikin watan Satumba, bayan dogon hutu. A Nijar kuwa galibi sai Oktoba. Lokacin nan yana da wuya ga iyaye, gama damina ba ta gama wucewa ba, hatsin bara ya yi ƙasa cikin rumbu, sabo kuwa bai gama shigowa gida ba. Ga kuɗin kayan makaranta, ga littattafai, ga takalma, ga aikin gona yana jiran hannu. Saboda haka mu kan sa dukan hankalinmu ga aljihu, har mu manta da yaron da za ya sa kayan nan. Alhali kuwa makonnin farko suna da nauyi ƙwarai a gare shi. A cikinsu ne ya ke yanke wa kansa shawara ko makaranta wurin daɗi ce ko wurin azaba. Yaron da ya soma da kyau ya kan ci gaba da ƙarfin zuciya. Wanda ya soma da kuka da yunwa da makara ya kan yi ta ja da baya, wata rana a iske ya daina zuwa, ba wanda ya san ranar da abin ya faro. Cikin darasin wannan wata bari mu bi al'amarin daki daki, mu ga abin da ya ke hannunmu.

1. ABIN DA YA KE SABO GA YARO

A 1909 ne Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Arewa, a Nasarawa ta Kano. A zamanin nan iyaye da yawa gudun makarantar boko su ke yi. A 1976 a ka soma shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta. A 1999 a ka ƙaddamar da sabon shiri a Sakkwato, dokarsa kuma ta fito a 2004, ta ce wajibi ne kowane yaro ya sami shekara 9 a makaranta, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. To, cikin shekarun nan 9 yaro yana haye matakai iri uku, kowane da irin nauyinsa.

Na fari, ɗan shekara 6 mai shiga aji ɗaya. Jiya yana gindin uwarsa, yana ci sa'ad da ya ji yunwa, yana kwanciya sa'ad da ya gaji. Yau an ce ya zauna wuri ɗaya, ya yi shiru, ya nemi izini kafin ya fita bayan gida, cikin yara da yawa da bai sani ba.

Na biyu, mai hawa sabon aji. Mu kan ɗauka shi ba ya da damuwa, tun da ya saba. Amma malaminsa ya sake, aikin ya ƙaru, wataƙila an raba shi da abokinsa. Idan kuwa maimaita aji za ya yi, ga kunya ta ƙaru a kan sauran.

Na uku, mai shiga sakandare. Dā shi ne babba a firamare, yanzu ya koma ƙarami duka. Dā malami ɗaya ya sani, yanzu kowane darasi da nasa malamin. In makarantar kwana ce, ya bar tuwon gidansu da shimfiɗarsa a rana ɗaya.

Ya kamata kowannenmu ya duba 'ya'yansa ɗaya ɗaya, ya san matakin da kowane ya ke kai, gama ba taimako iri ɗaya su ke bukata ba.

2. BARCI

Cikin hutu yara su kan yi dare wajen wasa da hira, su kwana har rana ta ɗaga. Jiki ya kan saba da wannan, ba ya kuwa juyawa a dare ɗaya. A 2016 likitocin barci na Amurka su ka fito da ma'aunin da a ke amfani da shi ƙasashe da yawa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Bari mu yi lissafi. Idan yaro ɗan firamare za ya tashi ƙarfe 6 na safe, tilas ya kwanta kafin ƙarfe 9 na dare, in ya samu ƙarfe 8 ya fi kyau.

Dalili ke nan. Cikin barci ne ƙwaƙwalwa ta ke shirya abin da ta koya da rana, ta ajiye shi. Yaron da barci bai ishe shi ba yana iya zama cikin aji idonsa biyu, amma maganar malam tana wucewa kamar ruwa a kwando. Sau da yawa kuma ƙarancin barci ba ya nuna kansa da gyangyaɗi. Ya kan fito da saurin fushi, da rigima, da rashin zama wuri ɗaya, sai mu ce yaron ya lalace.

Ga dabara mai sauƙi. Mako guda kafin a koma, ko cikin makon farko, mu riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 kowane dare, har a kai inda a ke so. Mu karɓe wayar hannu, mu kashe talabijin awa guda kafin kwanciya, gama haskensu da abin da a ke kallo suna hana barci zuwa da wuri. Kayan makaranta da jaka kuwa a shirya su tun da dare, domin safiya ta zo ba tare da tsawa ba.

3. ABINCI

Yaron da ya ci tuwo ƙarfe 7 na dare, ya tafi makaranta bai karya ba, kafin a tashi tara ya yi awa 14 ko fiye cikinsa wayam. Ba za mu tura babba gona haka ba. Karin kumallo ba sai mai tsada ba. Ɗumamen tuwo ya isa. Koko da ƙosai ya fi koko kaɗai, gama wake yana gina jiki, yana kuma daɗewa a ciki. Kunun gyaɗa, da dafaffen ƙwai in an samu, da ɗanwake, duk suna da kyau. Kuɗin tara yana da amfani, amma mu tambayi yaro abin da ya ke saye da shi. Alewa ba ta riƙe ciki.

Akwai abubuwa biyu ƙanana da rashinsu ke rage fahimta a ɓoye. Ɗaya shi ne sinadarin ƙarfe wanda jini ke bukata. In ya yi ƙaranci, yaro ya kan gaji da wuri, cikin idonsa da tafin hannunsa su yi fari, hankalinsa ba ya tsayawa kan karatu. A kan same shi cikin hanta, da nama, da kifi, da wake, da ganyaye irin su zogale. Na biyu shi ne aidin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo, yana kuma hana ƙwaƙwalwa girma sosai. Tun 1993 doka ta sa a riƙa zuba aidin cikin gishirin da a ke sayarwa a Nijeriya. Uwargida ta sayi gishirin da ke cikin leda mai alamar aidin, ta ajiye shi a rufe, nesa da murhu, gama zafi da laima suna rage shi.

Kada mu manta da ruwan sha. Ba kowace makaranta ke da rijiya ko famfo ba. Kwalba mai tsabta da ruwan gida ta fi abin da yaro za ya ɗiba a hanya.

4. LAFIYAR JIKI

Ƙarshen damina shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙasashenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan ciwo a duniya duka a Nijeriya su ke. Maganin rigakafi da a ke bi gida gida a na rabawa da damina galibi na yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ashe kuwa ɗan makaranta ba ya da garkuwar da ta wuce gidan sauro. Mu duba ko ya yage, mu ɗinke, mu tabbata yaro yana kwana a ciki kowane dare. In jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jini kafin a ba shi magani. In an ba da maganin kwana 3, a sha shi duka, ko da ya ji sauƙi rana ta biyu.

Tsutsar ciki tana cin rabon yaro daga abincinsa, wata irin kuma jininsa ta ke sha. A kan raba ƙwayar maganinta a makarantu sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Kada mu hana 'ya'yanmu karɓa. Tsargiya kuwa, wadda ke sa fitsarin jini, daga ruwan kududdufi da tafki a ke ɗaukarta, inda ƙananan dodon koɗi ke zama. Yanzu ne kududdufai su ke cike, yara kuwa suna son iyo a hanyar komowa gida. Waɗansu sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce ga yaro namiji. Ba haka ba ne. Ciwo ne, yana da magani, a kan auna tsayin yaro da sanda a san yawan ƙwayoyin da za ya sha.

Maƙero, da ƙazuwa, da kwarkwata, da ciwon ido suna yaɗuwa da sauri inda yara ke zama kafaɗa da kafaɗa. Mu duba kai da fata kowace Asabar, mu yanke farce, mu koya musu wanke hannu da sabulu bayan sun fito bayan gida da kuma kafin cin abinci.

Sa'an nan mu gwada ido da kunne. Yaro da yawa an kira shi daƙiƙi, alhali allo ne ba ya gani. Mu rubuta haruffa manya a bango, ya tsaya nesa kamar daga bayan aji, ya rufe ido ɗaya ya karanta, sa'an nan ɗayan. In yana ƙanƙance ido, ko yana kai littafi har bakin hanci, ko ba ya amsawa sai an ɗaga murya, a gaya wa malam ya zaunar da shi gaba, a kuma kai shi asibiti.

Jaka ma a duba ta. Likitoci da yawa sun ba da shawara kada nauyinta ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin yaron sosai. Mai nauyin kilo 20, jakar kilo 2 ta ishe shi.

5. KUKA DA TSORO

Ƙaramin yaro ya kan riƙe zanen uwarsa a ƙofar makaranta yana kuka. Wannan ba taurin kai ba ne, ba kuma sangarta ba. Wani likita na Ingila mai suna John Bowlby ya nuna yadda yaro ke manne wa mai renonsa domin a nan ya ke jin ba abin da za ya same shi. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Uganda a 1954 da 1955 tana lura da iyaye mata da jariransu. Ta ga yaron da ya amince uwarsa tana nan, ba za ta yashe shi ba, shi ne ya fi ƙarfin halin matsawa ya duba abin da ke kewaye da shi. Watau amincewa ita ce tushen ƙarfin zuciya.

Daga wannan mun koyi abu huɗu. Mu kai yaro ya ga makarantar da ajinsa da wurin bayan gida tun kafin ranar farko, in ya yiwu. Mu yi sallama a fili, a taƙaice, kada mu sulale sa'ad da ya juya baya, gama wannan yana koya masa a tsare uwa da ido kullum. Mu gaya masa wanda za ya zo ɗaukarsa da kuma lokaci, mu cika alkawari. Kada kuma mu mai da malam dodo. Wanda a ke ce wa kullum za a kai shi wurin malam ya zane shi, ina za ya so ganin malam?

Ga yawancin yara kukan nan ya kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Waɗansu su kan koma fitsarin kwance, ko tsotson yatsa, ko su ce ciki yana ciwo kowace safiya, ya kuwa warke da hantsi. Ciwon ba ƙarya ba ne, tsoro ne ya sauka a ciki. Duka ba ya warkar da shi, sai ƙara shi. Mu lallashe shi, amma ya tafi makaranta, gama kowace ranar da ya zauna gida tana sa gobe ta fi wuya.

Akwai kuma tsoron da ba na yara kaɗai ba ne. Mun san abin da ya faru a Cibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Kuriga a 2024, inda a ka kwashe 'yan makaranta. Yara suna jin hirarmu ko da mun ɗauka wasa su ke yi. Kada mu yi ta maimaita labarin ban tsoro a gabansu. In sun tambaya, mu amsa da gaskiya daidai da shekarunsu. Mu kuwa manya mu je wurin shugaban makaranta tare, mu ji shirin da a ka yi game da shinge, da masu gadi, da yadda za a sanar da iyaye in wani abu ya taso.

Hanya ma a koya musu ita. Tun 1972 motoci a Nijeriya hannun dama su ke bi, kamar a Nijar. Saboda haka mai tafiya ƙasa ya bi gefen hagu, yana fuskantar motar da ke zuwa. Ƙanana su tafi cikin ayari tare da manya, kada kowa ya shiga rafi in ya kawo.

6. HARSHEN GIDA DA HARSHEN MAKARANTA

Yaro da yawa a cikinmu yana jin harshen kakanninsa a gida, Hausa a kasuwa, ya je makaranta ya tarar da Turanci ko Faransanci. In ya yi shiru cikin aji makonnin farko, ba rashin basira ba ne. Yana sauraro ne tukuna. Waɗansu iyaye su kan daina yi wa yaro magana da harshen gida, suna tsammani za ya hana shi jin Turanci. Bari mu ga abin da gwaji ya nuna. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife su ka soma koyar da waɗansu yara dukan darussan firamare da Yarabanci har shekara 6, Turanci kuwa a na koya musu shi a matsayin darasi guda. Da a ka gwada su da sauran yara, sai a ka iske ba su kasa a Turanci ba, a waɗansu darussa ma sun fi.

Dalilin a fili ya ke. Yaron da ya gane ma'anar rabawa da harshen uwarsa, sunanta kaɗai za ya koya da Turanci. Wanda bai gane ta da kowane harshe ba, haddar sauti ya ke yi. Saboda haka uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana da babban aiki. Ta yi masa tatsuniya da kacici-kacici, ta sa ya ƙirga ƙwai da kaji, ta sa ya faɗa mata da harshen gida abin da malam ya koyar yau. Wanda ya iya bayyana abu ga uwarsa ya riga ya gane shi.

7. MANTUWA BAYAN HUTU

Kada mu yi mamaki in yaro ya komo ya manta jadawalin sau da ya iya a watan Yuli. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa game da mantuwa. Ya iske yawancin mantuwa tana faruwa ne da wuri, cikin awoyin farko da ranar farko bayan koyo. Ya kuma iske abin da a ka taɓa koya ya fi saurin komowa, bita kaɗan kaɗan cikin kwanaki dabam dabam kuwa ta fi zama ɗaya mai tsawo. Da yayyafi kogi kan cika. Minti 20 kowace yamma ya fi awa 3 a daren jarrabawa.

Mu keɓe wa yaro lokaci da wuri, tun da sauran hasken rana ko kusa da fitila mai kyau. A wannan lokaci kada a aike shi. Mu duba littafinsa na rubutu ko da ba mu iya karatu ba, gama kowa yana iya ganin shafin da ba a rubuta kome ba, da kwanan wata, da jan biron malam. Kada yaya ko uba ya yi masa aikin da malam ya ba shi, domin malam ya san inda ya ke tuntuɓe.

Mu lura kuma da irin yabon da mu ke yi. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck su ka gwada 'yan makaranta a Amurka. Waɗanda a ka yaba wa basirarsu su ka riƙa gudun aiki mai wuya, don kada a ga kasawarsu. Waɗanda a ka yaba wa ƙoƙarinsu su ka fi jimrewa. To, mu yabi abin da yaro ya yi da hannunsa, watau zaman da ya yi, da sake gwadawa, da tsabtar rubutu. Kada mu gwada shi da ɗan'uwansa a gaban mutane. Yatsun hannu ma ba daidai su ke ba.

8. GONA DA TALLA DA KASUWA

A nan ne gwaji mai ƙarfi ya ke. Gero ya nuna, gyaɗa ta isa cira, tsuntsaye suna sauka, hannu kuwa ya yi kaɗan. Zuciya ta kan ce, bari yaro ya taimaka mako uku, makonnin farko ai ba a karatun kirki. Bari mu yi lissafi. Zango ɗaya yana da wajen mako 13, watau kwana 65 na karatu. Mako 3 kwana 15 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zangon. A cikinsu ne kuwa a ke aza harsashin aikin shekara, a ke raba wurin zama, yara ke ƙulla abota. Mai zuwa a makare ya kan iske an yi nisa, ya zauna baya kamar baƙo.

Haka kuma yarinyar da a ke tsayarwa kowace ranar kasuwa domin talla ko renon ƙane. Rana ɗaya cikin biyar ta tafi. Cikin shekara 6 na firamare ta yi hasarar fiye da shekara guda cif. Sa'an nan in ta kasa a jarrabawa mu ce karatu ba rabonta ba ne. Wa ya hana ta rabon?

Dokar 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin kai yaro makaranta har ya gama ƙaramar sakandare. Ta tanadi gargaɗi a karo na fari, tara ko ɗauri ga wanda ya sake. Amma bai kamata sai doka ta tilasta mana ba. Aiki yana da kyau ga yaro, ba mu ce a bar shi ya zama malalaci ba. Sai dai a ba shi nasa da yamma da ranar Asabar. Maƙwabta su yi gayya a taimaki juna da girbi. In kuɗin kaya bai cika ba, uba ya je da kansa ya yi magana da shugaban makaranta, kada a ɓoye yaro a gida saboda kunya. Rigar da ta yi wa ɗanmu kaɗan, in an wanke an ɗinke, tana iya kai maraya aji. Ɗa na kowa ne.

9. MU DA MALAM

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Cikin makonni biyu na farko kowane uba ko uwa ya je ya gai da malamin ajin ɗansa, tun ba a sami matsala ba. Mu gaya masa abin da ya kamata ya sani, ko yaron yana da ciwon sikila, ko farfaɗiya, ko asma, ko an yi rasuwa a gida kwanan nan. Mu halarci taron iyaye da malamai. Kada mu zagi malam a gaban yaro, gama ba za ya koyi kome daga wanda ya ji a na rainawa ba. In akwai ƙorafi, mu kai shi ofis cikin natsuwa.

Duk da haka mu buɗe kunne ga yaro. Tambayar ko lafiya a makaranta, amsarta kullum lafiya lau. Gara mu tambaye shi wa ya zauna kusa da shi, da wa ya yi wasa, me ya ba shi dariya, me ya ba shi wuya. Ga alamun da ba a ƙyalewa: kuka da ƙin tafiya da su ka wuce wata guda, rauni ko yagaggen kaya ba bayani, kuɗin tara yana ɓacewa kullum, rama, mugun mafarki, ko yaro mai surutu ya koma shiru. Wataƙila manyan yara ne ke cin zalinsa, wataƙila wani babba ne ke yi masa abin da bai dace ba. Mu koya wa 'ya'yanmu, maza da mata, cewa ba wanda ya ke da izinin taɓa tsiraicinsu ko sa su riƙe asiri, in kuwa sun faɗa mana ba za mu duke su ba. Yaron da ya san za a saurare shi ya kan yi magana da wuri.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma da sannu, gama hannun gaggawa karya shi ya ke yi. Abubuwan da mu ka duba ba su bukatar dukiya. Suna bukatar ido, da kunne, da haƙuri na mako shida ko bakwai, har sabon abu ya zama sabo.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. A wane mataki kowane ɗaya cikin 'ya'yanmu ya ke bana, mene ne kuma ya fi yi masa nauyi?
2. Ƙarfe nawa yaranmu su ka kwanta jiya, awa nawa su ka samu?
3. Me ya sa sulalewa a ƙofar makaranta ke ƙara wa yaro tsoro?
4. Yaya uwar da ba ta iya karatu ba za ta taimaki ɗanta da darasinsa?
5. Kwana nawa 'yarmu ta rasa a zangon da ya wuce, saboda me?
6. Wane yaro ne a unguwarmu bai koma ba tukuna, me za mu iya yi tare kafin ƙarshen wata?

AIKIN WANNAN WATA

Kowane gida ya duba gidan sauro, ya gwada idon yara, ya je ya gai da malam. Idan iyaye sun taru, kowa ya faɗi abin da ya tarar, domin mu ƙaru da juna.